Ranar da Aka Sace Adaidaitar Haladu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Alhamis wani mutum ya faɗo caji ofis na Gumel, hula a hannu, gumi har ƙeya. Sunansa Haladu. Ya dafa kanta yana haki.

"Yallaɓai, an kashe ni. An sace min adaidaita."

Insifekta Habibullah ya ture kofin shayinsa. Haifaffen unguwar Zango ne, shekararsa goma sha tara a aiki, ya kuma san abin da Alhamis take nufi. Ranar kasuwar Maigatari ce. Abin hawan da ya ɓata da safe yana iya yin la'asar a Nijar.

"A ina ka ajiye ta?"

"A tasha. Na shiga cin tuwo, ko minti ashirin ban yi ba. Da ita nake ciyar da mutum bakwai, yallaɓai."

Insifekta ya sa aka buga wa shingen hanyar Maigatari lambar keken, sannan ya kira Sajan Ɗalha suka fita.

A tasha Haladu ya nuna musu ƙusar da yake rataye makulli a cikin rumfar 'yan ƙungiya, bayan wata tsohuwar kalanda. Ƙusar tana nan, makullin babu. Direbobi shida suna zaune a benci, kowa ya ce bai ga komai ba. Ɗaya ma har ya rantse barci yake yi.

Insifekta ya zagaya inda keken ya tsaya. A gindin darbejiya ga buhu biyu na albasa an jingine su da kyau, an lulluɓe da kwali don kada rana ta taɓa su.

"Na waye?"

"Kayan fasinjana ne. A cikin keken na bar su."

"Sajan, ka taɓa ganin ɓarawon da ya sauke wa mutum kaya a inuwa?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

Wani mai rake a bakin titi ya ce ya ga adaidaita ta nufi Zango tana tafiya kamar hawainiya. Suka bi.

Rabon Insifekta da shiga lungunan Zango ba kame ya kawo shi ba, ya manta. Ga kwanar da ya koyi hawan keke, ga masallacin da aka ƙara wa bene. Sawun taya uku ya bi rairayi har gaban rumfar Lauratu mai waina, wadda tun yana ɗan firamare take suya a wurin.

"Inna Lauratu, ina kwana? Adaidaita ta tsaya nan da safe?"

"Adaidaita nawa ke wucewa, Habibu? Ni tanda nake kallo."

"Wannan ba wucewa ta yi ba. Ga inda ta juya."

"Ban gani ba."

Ta ci gaba da juya waina, ba ta ɗago ba. Kusa da ita akwai kujera 'yar tsugunno an ɗora mata matashi, abin da ba ta yi wa kowane mai saye. A ƙarƙashin kujerar Insifekta ya tsinci wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido, saura kaɗan a ciki.

"Taki ce?"

"Idona garau."

Ya jefa kwalbar a aljihu.

A Ƙofar Yamma suka sami mai faci yana wanke hannu. Tun kafin su gama tambaya ya ce eh, ya ƙara wa keken iska, wani saurayi ne mai tabarau, ya kuma miƙi hanyar Maigatari a guje.

"A guje?"

"Kamar iska."

"Ya biya ka?"

"Haba, ni in karɓi kuɗin Baba?"

Ya kalli bokitin ruwansa.

"Saurayin ne Baba?" in ji Insifekta.

Mai faci ya koma wanke hannunsa. Amma matan da ke ɗiban ruwa a famfon gefe, da ba su san ana ɓoyo ba, suka ba da labari suna dariya. Wani tsoho ya tsaya da adaidaita a gindin tsamiyar tsohuwar rijiya, ya sauko da wata tsohuwa yana riƙe da hannunta. Ta shafa jikin tsamiyar, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rassan. Daga nan suka yi hanyar ƙofar fada, ya ce zai nuna mata sabon fenti.

Haladu ya dafe kai.

"Innalillahi. Baba Hussaini."

"Wane ne?"

"Tsohon direba ne, yallaɓai. Shi ya koya wa rabin 'yan tasha tuƙi, har ni. Sau uku yana roƙona in ba shi keken na yini ɗaya. Na ce hannunsa na rawa, ya bari ni zan kai shi duk inda yake so. To kullum sai in ce gobe."

Gidan Malam Hussaini yana unguwar Dantanoma. Surukarsa Ummulkhair ce ta fito zaure, mayafi a baki.

"Baba ya tafi gona. Goggo kuma barci take yi."

"Gona a watan Maris?"

Ta sunkuyar da kai. Insifekta ya ciro kwalbar ya nuna mata.

"Ƙarfe nawa ake ɗiga mata?"

Nan hawaye ya zubo mata. Ta ce idon hagu na Goggo Sabuwa, matar Baba, ya mutu shekara biyu da suka wuce. Na daman ma likita ya ce jijiyar tana tafiya, da wuya ya kai damina. Shekararta shida ba ta wuce ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa, sai asibiti. Jiya da yamma ta ce da Baba, ita fa ta fara manta kamannin garin.

"Ina za su ƙare?"

"Ban sani ba, wallahi. Na dai ji tana tambayarsa ko har yanzu dogo yana nan."

Babu layin dogo a Gumel. Insifekta ya dubi Sajan.

"Gagarawa Tasha," in ji shi. "Can ne tashar jirgi mafi kusa."

Kafin su fita daga gari sai da suka ratsa gaban kwalejin horon malamai, inda mai gadi ya ce tsofaffin sun tsaya suna kallon ɗalibai mata na fitowa da littattafai, tsohuwar tana ta sa musu albarka. A bakin kasuwa mai turare ya ce ya ba ta ta shinshina kala huɗu. Insifekta ya sauke gilashi. Shekara da shekaru yana bin titunan nan, amma abin da ya sani a kansu shi ne inda aka fasa shago da inda aka sari wani. Yau ya ga rinannun zannuwa a kan igiya, ya ga tsofaffi suna dara a inuwa. Ya tuna mahaifiyarsa a Zango, wadda ya yi wata guda bai leƙa ba.

Azahar ta gota suka isa. Adaidaitar tana gindin wata bishiya kusa da layin dogo, an goge ta tas. Gefe an shimfiɗa tabarma. Tsoho mai farin gemu yana ɓare wa wata 'yar siririyar tsohuwa dafaffen ƙwai. Da ya hango motar bai tashi da sauri ba. Ya gama ɓarewa, ya sa mata a hannu, sannan ya miƙe.

"Sannunku da zuwa. Ɗan gidan Malam Abdulbaqi na Zango ne, ko?"

"Ni ne, Baba. Kun san abin da ya kawo mu."

"Na sani. Ni na ɗauki makullin a bayan kalanda, ni na kuma tuƙo. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni. Waɗanda suka ce ba su gan ni ba, kunyata suka ji, kada a kama su da laifi."

Ya ciro makullin ya miƙa wa Haladu da hannu biyu.

"Ka yafe ni, ɗana. Na hana ka kasuwar yau, na kuma tayar maka da hankali."

"Baba, ai da kun jira ni."

"Idonta ba ya jira. Kuma akwai maganar da ba a yi da mutum na uku a gaba." Ya nuna wani dandamalin siminti da ya farfashe. "Nan na fara ganinta, tana sayar wa fasinjan jirgin Nguru ƙwai, ni ina yaron motar gyaɗa. Shekara hamsin da ɗaya ke nan. Na ɗauki mutanen duniya a mota, ita ban taɓa fita da ita yawo ba ko sau ɗaya."

Goggo Sabuwa ta karkato fuska don ta sami Insifekta da idon dama.

"Ɗan nan, ni na sa shi. In ɗauri ne, a haɗa da ni."

"Ba ke kika ɗauki makulli ba, Goggo."

Ya durƙusa ya ba ta kwalbar maganinta. Ta juya ta a hannu ta yi dariya, ta ce Lauratu ce ta cika ta da surutu har ta yar da ita.

Haladu ya matso yana murza hula.

"Yallaɓai, na janye."

"A ofis ka shigar da ƙara, a ofis za ka janye, gaban Di-Fi-O. Shi ma dole ya je ya ba da bayani. Kuma Baba, da hannun nan mai rawa kuka ratsa kasuwa. Da kun buge ɗan wani fa?"

Tsohon ya kalli hannunsa.

"Gaskiyarka. Na yi wannan tunanin, son zuciya ya rinjaye ni."

Sajan Ɗalha ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi maigidansa. Insifekta ya girgiza kai.

Haladu ya ce shi zai mayar da Goggo gida, kuma ta unguwar Galagamma za su bi, tunda ba su kai can ba. Suka ɗaga ta a hankali. Amma ta ƙi shiga keken.

"Ku dakata. Malam, zo nan."

Ya zo. Ta kama fuskarsa da tafukanta biyu, ta jawo shi dab da idonta mai gani. Ta bi goshinsa da kallo, ta bi girarsa da ta yi fari, har zuwa gemu. Sajan ya juya baya yana gyara madubin mota da ba abin da ya same shi.

"To," ta ce. "Na riƙe. Ku tafi da shi, amma ku dawo min da shi kafin magariba. Bai ci komai ba, ni ya yi ta ba wa."

Insifekta Habibullah ya buɗe ƙofar baya da kansa. Malam Hussaini ya tattare babbar rigarsa ya shiga.