Madubin da Jinsheng Ya Dusashe

"Wa ya shafa masa ruwan tsami?"

Na ɗaga madubin tagullan har saitin hancinsa. Jinsheng ya kau da kai da sauri, duk da madubin ya yi baƙi, ba ya nuna komai.

"Danniang, ajiye mu yi magana..."

"Kai ne mai goge madubi a duk garin nan! Na aurenmu ne kaɗai ya gagare ka?"

"Damina ce. Tagulla ba ta son laima."

"Laima mai warin tsami? Yaya Jin, ka ɗauke ni yarinya?"

Ya sunkuyar da kai.

Na san abin da ake faɗa a kaina. Tun da ambaliya ta koro ni daga kudu, na zauna ni kaɗai a tsohon gidan bakin maƙabarta ina saƙar siliki, aka sa mini ido. Qiaoyun, 'yar mai shagon giya, wadda ta daɗe tana kai wa Jinsheng madubin da ba abin da ya same shi, ita ta ƙarasa zancen a bakin rijiya.

"Ba uwa, ba uba, ga kyau kamar zane, karnuka na ganinta su hau haushi. Yanyawa ce ta rikiɗe! Ku jira ranar aure, madubi ba ya ƙarya."

Ai kuwa kowa ya ƙagu. Amarya ba ta shiga gidan miji sai da madubi rataye a ƙirji, kuma kafin a rufa mata jan mayafi sai ta duba shi a gaban mata. Yanyawa na iya aron fuskar mutum, ta yi shekaru ɗaruruwa ba ta tsufa ba, amma tagulla ba ta karɓar aro.

"Kai ma ka yarda da ita," na ce.

"Ban yarda ba."

"To me kake ɓoyewa?"

"Ƙanwata, abar ƙaunata... ko mece ce ke, ina sonki."

"Ko mece ce ni?!"

Gara ya mare ni.

Tsohuwa Tao, wadda ta raine shi, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare dafaffen ƙwai. Ba ta taɓa sona ba. Amma ba ta so Qiaoyun ba ita ma, ba ta so kowa ba. Duk mai dalilin auren da ta zo gidan, da tsintsiya ta fita.

"'Yar nan," ta ce ba ta ɗago ba, "ki bar madubin yadda ya bar shi."

"Goggo, sunana ake ja a ƙasa."

"Suna ya fi miji?"

Ta ɗauki ƙwan ta nufi ɗan ɗakin bauta na bayan gida, wanda ba ta bari kowa ya leƙa.

Na tafi da madubin.

Na sha zama ina kallonsa yana aiki, na san garin da yake sawa da yadda yake murza tsumma. Na goge har yatsuna suka yi kanta. A wajen gugar ne abubuwa suka riƙa faɗo mini, ina korarsu.

Jinsheng ba ya gwada madubi da fuskarsa. A kife yake miƙa wa mai shi.

Karnukan nan... ba su taɓa yi mini haushi ba sai da na fara sa rigar sanyin da ya ba ni.

Na ce wa kaina, kishi da tsegumi sun shiga kanki, Danniang.

Ranar aure, mata suka cika tsakar gidana, Qiaoyun a gaba. Na fito da madubin yana walƙiya, na duba, na juya musu.

Fuskata ce. Ido biyu, hanci, da tabon da murhu ya yi mini tun ina ƙarama.

"Matso, Yaya Qiaoyun," na ce. "Ko ke ma za ki duba? Ƙila a ga wutsiya."

Aka kwashe da dariya. Ta fice tana tuntuɓe.

Aka rufa mini mayafi, aka rataya madubin, ƙarti suka ɗauki kujerar amarya. Raina fari tas har ƙofar gidan Tao.

Da aka sauke ni, ba na ganin komai sai ƙasa da takalmansa. Ya tsaya daga gefe, ba inda ango ke tsayawa ba. Na ji mutane na tura shi.

"Ango, kunya kake ji? Matsa gabanta mana!"

Ya matso. Ya riƙe jan ƙyallen da ke haɗa mu.

Na karkata madubin kaɗan ta ƙarƙashin mayafi. So nake in ga fuskarsa yana jin kunyar zargina.

Na gani.

Jan gashi. Dogon baki. Kunnuwa a tsaye.

Amma idanun nasa ne, kuma hawaye ne a cikinsu.

Ashe ba ni yake karewa ba...

Bayansa jama'a ne, da masu ganga, da yara a kan katanga. Mutum ɗaya ya leƙo, an gama. Na taɓa ganin abin da aka yi wa ramin yanyawa a garinmu na kudu: hayaƙi, karnuka, sanduna.

Na kife madubin a ƙirjina, na rufe shi da hannun riga.

"Amarya ta juya madubi!" wata ta ce.

"Rana ce ke kashe wa mutane ido," in ji Tsohuwa Tao, da ƙarfi. "Ku shigo da su."

Muka rusuna wa sama da ƙasa. Muka rusuna wa tsohuwar. Da muka juyo za mu rusuna wa juna, goshinsa ya kusa taɓa nawa.

"Kin gani," ya ce a hankali.

"Na gani."

"Kina iya fasawa."

"Na riga na rusuna."

Ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ganguna suka ɗauka. Na riƙe ƙyallen gam.

"Yaya Jin... ranar da na yi furfura, kai ma za ka yi?"