Abokin Karawar Auta

A ɗakin kwanan ɗalibai Ina-Zuwa ake kiransa, domin ko gobara ce ta tashi abin da zai ce ke nan. Shi ya ja ƙaninsa Auta, sabon shiga jami'a, zuwa kulob ɗin aikido, wasan kare kai da ake murɗe hannun mutum a kai shi ƙasa. Auta zanen gine-gine yake karanta, hannun damansa shi ne jarinsa. Ga shi da kunyar tsiya. Bai yarda ba sai da yayan ya rantse cewa shi zai riƙa zama abokin karawarsa.

Ranar da koci ya faɗi dokoki Auta yana aji, sai aka bar wa yayan saƙo. Doka ta farko, in murɗa ta yi zafi ka bugi katifa sau biyu, a sake ka nan take. Ta biyu, ba a sunkuyar da kai sai ga mutum, don sunkuyawa gayyata ce. Wanda ya rasa abokin karawa ya zauna a gefe.

Ta farkon ya isar wa Auta. Ta biyun kuwa ya bar ta sai an jima.

Ran nan da yamma Auta ya kira shi a waya. "Yaya, an fara fa. Kowa da nasa, ni kaɗai na rage."

"Ina zuwa."

Ƙwallo yake kallo. Bai tashi ba sai da almuru ta yi, ya nufi zauren wasanni yana shirya ƙaryar da zai yi.

An tashi, an kashe fitilu. Takalmi ɗaya ne ya rage a bakin ƙofa, na Auta. Warin roba da gumi ya tare shi kamar kullum, amma yau akwai wani wari a ƙarƙashi, irin na tsohuwar rijiya.

Sai ya ji bugu a kan katifa. Sau biyu. Shiru. Sau biyu kuma.

Ya tura ƙofa.

Auta na kwance rub da ciki a tsakiyar katifa. Hannun damansa a miƙe yake sama ta baya, a murɗe. Babu mai riƙe da shi. A gefensa katifar ta lotsa wuri biyu, daidai inda gwiwoyin mutum za su sauka.

"Yaya," Auta ya ce da raɗa. "Na buga. Ya ƙi saki."

"Wa?"

"Na gaji da jira. Na ce bari in gwada gaisuwar sunkuyar da kai ni kaɗai."

Ina-Zuwa ya tuna doka ta biyu. Ba tsoro ne ya fara kama shi ba, kunya ce. Magana ɗaya tak ya riƙe wa yaron nan.

Hannun ya ƙara karkacewa. Kafaɗar ta yi ƙas.

Ina-Zuwa ya cire takalmi. Ya hau katifa. Ya durƙusa a gaban wurin da ya lotsa, ya sunkuyar da kai.

Hannun Auta ya faɗi.

Lotsawar ta juyo.

Yatsu suka kama wuyan hannun Ina-Zuwa. Sanyi ƙalau, dogaye, sun zagaye har sun ninka. Numfashi mai warin rijiya ya sauka a ƙeyarsa.

"Fita!" ya ce. "Auta, fita!"

Auta ya ja jiki. Murɗar ta fara. Abu ɗaya Ina-Zuwa ya iya a duk wasan, faɗuwa. Ya bi murɗar, ya wuntsila, ya sake wuntsilawa, har bayansa ya daki siminti.

A bakin katifa yatsun suka sake shi.

Suka fita babu takalmi. Babu wanda ya waiwaya.

Likita ya duba, bai ga karaya ba. Amma har yau yatsun Auta ba sa riƙe fensir, da hagu yake koyon zane kamar ɗan firamare. Ya ce wa mahaifiyarsu faɗuwa ya yi. Bai taɓa ce wa yayansa uffan ba, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sunan Ina-Zuwa ya mutu, don yanzu shi ke riga kowa isa ko'ina. Kullum da safe shi ke shafa wa Auta man zafi. Rannan yana cikin shafawa mahaifiyar ta kira, ya maƙale wayar a kafaɗa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta, "da kake riƙe min amanar ƙaninka."

Bai san ya ƙara matse hannun ba, sai da ya ji Auta ya bugi gado a hankali, sau biyu.