Sunan da Ruwa Ya Ji

Ni na ɗauki shatar jirgin ruwan, shi ya sa nake ganin na fi kowa ikon yin fushi a ranar.

Na daɗe a Houston ina fentin gidajen mutane. Da na dawo ƙauyenmu a gaɓar tekun Honduras, ko wata ban yi ba zama ya ishe ni. Sai na ce bari in kwashi dangi kaf mu tafi tsibiri, mu sa gilashin ninkaya da bututun numfashi, mu kalli kifaye a kan duwatsun murjani yadda baƙi ke yi. Mu da aka haifa a bakin ruwan nan ba mu taɓa shigarsa don kallo kawai ba.

Na shirya da Kawu Lisandro, abokin marigayi babana, mai jirgin inji, a kan za mu tashi da sassafe. Rana ta take tsaka muna nan a kan yashi. Wannan ta koma ɗauko takalmin yaro, waccan ba a gama mata kitso ba, wani ya zo da kare ya ce shi ma dangi ne. Gwaggo Dominga, yayar babana, ita ta zo ƙarshe, da tukunyar miyar kifi da kwakwa da tulin gurasar rogo, kamar masu ƙaura.

"Kaguwa, riƙe min tukunyar nan."

"Gwaggo, Nahúm nake. Ba ki ga gemu ba?"

"Na gani. Bunsurun gidana ma yana da shi. Riƙe."

Kaguwa suna ne da mahaifiyata ta laƙaba min ina rarrafe, wai a karkace nake tafiya. Ta rasu ina can Houston, ban samu zuwa jana'iza ba. Tun da na dawo nake roƙon a daina kirana da shi, kowa sai ya yi dariya ya ƙara. Mutum ɗaya ne ya girmama ni yana ce min Nahúm: Rigoberto, mijin Yaya Delmis, ɗan cikin duwatsu da bai san teku ba.

Sai da rana ta karkata muka isa. Kawu Lisandro ya kashe inji a bayan wani ɗan tsibiri, ya jefa anka, ya tuna mana abin da duk ɗan ƙauyenmu ya sani. A wannan wurin ba a kiran mutum da sunan da aka raɗa masa a coci. Kowa da sunansa na gida. In ana son wanda ke ruwa ya dawo, jikin jirgi ake ƙwanƙwasawa da filafili, ƙarar tana ratsa ruwa. Na ce a raina, har yanzu ana nan da wannan camfin. Rigoberto kuwa bai ji ba. Yana can gaba ya leƙa da kai yana amayar da karin kumallonsa.

Shigar ruwan ma rigima ce. Gilasai ba su isa ba. Yara suna faɗa a kan shuɗin bututu. Gwaggo ta ce ba mai tsoma ƙafa sai an ci abinci, da aka ci kuma ta ce sai ya faɗa. Ni na yi ta ɗaura wa wannan, ina kwance wa wancan. Lokacin da gilashi ya zo hannuna, rana ta yi ja, Kawu har ya fara naɗe igiya.

Na ce wallahi sai na ga kifin nan ko da guda ne. Na faɗa.

Ruwan da ɗumi. Hayaniyar ta ɗauke, sai numfashina a cikin bututu da ƙas-ƙas ɗin kifaye suna gwaguyar murjani. Na yi ta gaba. Na ji an ƙwanƙwasa jirgi. Na ƙyale. Aka sake. Na ce su ma su ɗanɗana jira.

Na kai inda duwatsun suka yanke, ƙasa ta zurma ta zama baƙa. Na ɗago kai in gyara gilashi, sai na hango Rigoberto a tsaye, ya haɗa tafin hannu a baki.

"Nahúm!"

Na ga Gwaggo ta fizgo shi ya zauna. Jirgin ya yi tsit. Ko karen bai yi haushi ba.

Na mayar da fuska cikin ruwa. Babu kifi ko ɗaya. Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

Sanyi ya taso daga ƙasa ya kama min ƙafafu. Cikin bututun na ji wari, irin na kifin da ya kwana a raga.

"Nahúm."

Muryar Rigoberto ce. Amma daga ƙasa ta fito.

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai gwada sabuwar kalma a baki. Sannan ta sauya. Ta yi laushi. Ta zama muryar da na daɗe ina ji a waya kawai, har ranar da ta daina ɗauka.

"Nahúm, ɗana. Ka zo?"

A cikin baƙin akwai abu tsaye, kamar mace da farar riga. Ba na ganin fuska. Hannu ya miƙo.

Ban san lokacin da na nutsa ba. Bututun ya cika. Kunnuwana suna zafi. Ina ta sauka, bakina yana buɗewa zai ce na'am.

Ƙwam. Ƙwam. Ƙwam.

Filafili a jikin jirgi. Da wani ihu can sama, dishi-dishi, muryar Gwaggo: Kaguwa.

Nan na tuna. Mama ba ta taɓa ce min Nahúm ba. Ko ranar da zan tafi, a bakin mota, Kaguwa ta ce.

Na rufe baki. Na juya.

Wani abu ya shafi tafin ƙafata. Yatsu ne, masu sanyi, sun fi na mutum tsawo.

Na buga ƙafa. Na buga. Ƙirjina zai fashe.

Kawu Lisandro ne ya finciko ni da gashi. Bai tsaya ciro anka ba, wuƙa ya sa ya yanke igiyar. Ina kwance a cikin jirgi ina aman ruwan gishiri, Gwaggo ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya.

"Ka amsa?"

Na girgiza kai.

"To kar ka amsa. Ko a tudu."

Har muka iso gida Rigoberto yana ta tambayar laifin me ya yi, Yaya Delmis tana ce masa ya yi shiru.

Da sati ya zagayo na haɗa jakata, na ce garin nan ya ishe ni. Ina zaune a filin jirgin sama aka kira sunana a lasifika, wai in zo ƙofa. Muryar mace ce, mai laushi. Ƙila ma'aikaciya ce kawai. Na ci gaba da zama, hannuna a kan jaka, tafin ƙafata yana sanyi, har jirgin ya tashi ya bar ni.

Yanzu jiragen masunta nake yi wa fenti a bakin yashi. In ka zo ƙauyen, ka nemi Kaguwa.