Minti Uku a Bakin Tur'a

Sakinatu na durƙushe gaban murhu tana yin gurasar dawa da ake kira kisra, Inna Ramatu na tsince wake, sai ga sallamar Sa'idu daga zaure. Inna ta dubi ɗiyarta ta wutsiyar ido.

"Tashi ki tahi kamin ki ƙona mana abincin rana! Tun da aka ce ɗan Umdurman ya zo hutu hankalinki ba ya nan."

Shekara biyu ke nan da yi wa Sakinatu da Sa'idu baiko. Sa'idu ɗan maƙwabcinsu ne, Alhaji Mati, kuma a duk ƙauyen nasu na kusa da Sinja a ƙasar Sudan shi kaɗai ya kai babbar makaranta, can birnin Umdurman. Dattawa sun ɗauka aikin gidan rediyo yake koyo. Sakinatu ce kawai ta san shirya fim yake karantawa.

Ta same shi da wani littafi da ya cika da rubutu har gefe.

"Wata huɗu ina zaryar sinima, ya Sakina, ba don fim ba, don manazir — gutsattsarin nan da ake nunawa na tallar fim mai zuwa. Minti biyu ne, amma sai su hana mutum sukuni! Ustaz, malaminmu, ya ba kowane ɗalibi aron kamara da faifan fim ɗaya, minti uku tak. Da shi za a ci jarrabawa, da shi za a faɗi."

"To wane iri za ka yi?"

Ya shiga buɗe shafuka. "Na kaboyi sai da dawaki da bindigogi, mu kuwa jakin Baba ma ɗingishi yake. Na Indiya sai da 'yan rawa ɗari. Na 'yan sanda sai da mota. Saura na soyayya — yarinya ɗaya da tulu a ka, ta waiwayo ta yi murmushi. Halas, shi ke nan!"

Dariyarta ta tsaya cak. "Ka nemi yarinyar can Umdurman. Ka san Baba."

"Malamai uku ne za su gani, a ɗaki rufe. Wa zai faɗa masa?"

Kwana uku tana cewa a'a. A na huɗu ya ce mata hutu ya kusa ƙarewa, bai ɗauki komai ba, ta ga yadda ya faɗa, zuciyarta ta karye.

Da hantsin Alhamis suka haɗu a bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Ta ɗora tulu, ta yi taku bakwai, ta waiwayo. Murmushin bai gama sauka daga fuskarta ba ta hango yayanta Jibirin tsaye a kan gaɓa, da fartanya a kafaɗa.

Bayan azahar mahaifinta, Malam Maliki, ya sa aka kira Sa'idu. Sakinatu na bayan ƙofa tana saurare.

"Gaskiya ne abin da Jibirin ya ce?"

"Gaskiya ne, Baba Malam. Laifina ne, ni na matsa mata."

"Kakana ya baro Sakkwato da ƙafa, ya binne 'ya'ya biyu a hanya, don kada baƙi su ga tsiraicin gidansa. Kai kuma ka ɗauki fuskar ɗiyata ka kai birni, ƙatti su zauna suna kallo?"

Sa'idu ya durƙusa. Ya buɗe kamarar, ya zaro faifan, ya warware shi cikin hasken rana har ƙarshe.

"Ya lalace, Baba Malam. Ba mai ganinta har abada."

Sakinatu ta toshe baki da mayafi. Ta san shekara uku na karatunsa ne ke kwance a ƙasa.

"Hoto ka kashe," in ji tsohon. "Amanar da ka ci fa? Na buɗe maka zaurena, ka zagaya ta bayana. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin la'asar an mayar da kayan baiko.

Sa'idu ya koma Umdurman hannu wofi, ya dawo ba takardar shaida. Gidansu suka ɗora wa Sakinatu laifin duka. Ranar da ta gamu da mahaifiyarsa Mero a injin niƙa, gaban mata Mero ta tare ta.

"Kin ji daɗi? Ɗana ɗaya da ya yi karatu kin mayar da shi direban tarakta a Abu Na'ama! Allah ya isa!"

Ta dawo gida ko garin ba ta ɗauko ba, ta faɗa jikin Inna tana kuka.

Masu nema sun zo, har da wani attajiri daga garin Rufa'a. Malam Maliki bai tilasta mata ba. "Wanda kike so ki kawo, in ɗaura. Amma wancan, muddin ina numfashi, a'a."

A shekara ta biyu Sa'idu ya aiko ƙanwarsa Amina da saƙo: su tafi gaban alƙali a Sinja, shari'a za ta ba su gaskiya.

Sakinatu ta ce, "Ki ce masa sau ɗaya na bi ta bayan Baba, ya ga abin da ya jawo. Ba na ƙarawa."

Daga nan Sa'idu ya ɗauki wata hanya. Kowace Juma'a sai ya hawo lori daga Abu Na'ama, ya tsaya ƙofar zaure ya yi sallama. Malam Maliki na ciki, ba ya amsawa a fili. Sa'idu ya ɗan jima, ya juya. Sakinatu kuwa sai ta shige ɗaki ta kifa fuska a matashi.

Sa'o'inta duk suka yi aure, suka yi goyo. A shekara ta huɗu zazzaɓin damina ya ɗauke Inna Ramatu. Idon Malam Maliki ya soma dushewa, ita ke kai masa buta, ita ke jan hannunsa zuwa inuwa. Ta daina ƙirga Juma'o'i. Ta riga ta sa a ranta a haka za ta tsufa.

Wata Juma'a a shekara ta bakwai, har rana ta yi sanyi ba a ji sallama ba. Mako ya zagayo, shiru. Tana zuba masa shayi tsohon ya yi gyaran murya.

"Sakinatu... yaron nan lafiya?"

Ta ajiye butar shayin. "Tarakta ta kife da shi, Baba. Yana asibiti. An ce ƙafar ba za ta koma daidai ba."

Tsohon ya ture kofin gefe. Can ya ce, "Shekara biyar ina amsa masa a zuci, girman kai ya hana bakina. Kira mini Jibirin, ya kai ni wurinsa."

Bayan girbin auduga aka ɗaura auren, ba kiɗa ba taro. Ango ya zo da sanda. Mero ba ta leƙo ba sai ranar sunan ɗansu na fari. Sa'idu bai sake riƙe kamara ba, Sakinatu kuma ta shiga ɗakinta ba uwar da za ta yi mata faɗan aure.

Haƙuri ya ba su juna, amma bai maido musu da ko ɗaya daga abin da suka rasa ba. Matasa, duk abin da sai kun ɓoye wa iyaye kafin ku aikata, ku tsaya ku sake tunani. Ku kuma iyaye, idan yaro ya yi kuskure ya dawo ya durƙusa, kada ku bari sai ya karye kafin ku amsa masa.