Ƙullin da Ke Wutsiyar Mazari

Jiya da la'asar na dawo daga unguwa na tarar da Saude, autata, tana zagaye tsakar gida da zare a hannu. A ƙarshen zaren mazari ne, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi a kan ruwa da damina. Ta ɗaure masa wutsiya, wai jirginta ne. Ban dake ta ba, amma tuwo ya ƙi wuce mini. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin da Yaya Kuluwa, ɗiyar kawuna, ta ba mu muna 'yan mata, ko wata uwar za ta karanta.

A garinmu wasu na cewa idan mazari ya yi yawa, ruwa ya kusa sauka. Tsofaffi kuwa cewa suke 'ya'yan mutanen ruwa ne, ana sakin su da rana su sha iska. Yaya ba ta yarda ba sai da abin ya faɗo kanta. Ranar da za ta gaya mana, bayan isha ta rage fitila, ta ce duk mai jin dariya ta tashi tun yanzu.

A lokacin wankau take yi a Tafkin Maraya, bayan gonakin rake. Wata Talata ta je da 'yarta Hajjo, mai shekara shida. Tana cikin cuɗa kaya, yarinyar ta kama wani jan mazari, ta zaro zare daga gefen zanen uwar, ta ɗaure shi.

"Ke, sake shi."

Hajjo ta maƙe kafaɗa. Hannun Yaya duk kumfa ne. Sai ta fizge zaren, ta sa haƙori ta datse shi. Mazarin ya tashi yana tangaɗi, ƙullin na nan a wutsiyarsa, guntun zare na reto. A ganinta ta yi alheri.

Washegari Hajjo ta tashi da kukan ciki. Da aka ɗaga rigarta sai ga jan layi siriri ya zagaye ƙugunta. Ba ƙurji, ba kumburi. Kullum layin sai ya ƙara nutsewa cikin fata. An sha rubutu, an sha maganin mai kemis, shiru. Ran Juma'a ko koko ba ya wucewa, ƙafafunta sun daina ɗaukar ta. Da hantsi ta buɗe ido ta ce, "Inna, ki kwance ni."

Yaya ta ce a nan ta tuna.

Ta yafa gyale ta fita ita kaɗai. Rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Bakin tafkin ba kowa. Ko kwaɗo ba ya kuka.

Kusa da dutsen da take wanki akwai wata mace a tsaye, doguwa, siririya, da zane kalar gansakuka. Yaya ta yi sallama. Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya sauka a ƙafafun matar. A kan ganyen bado take tsaye, cikin ruwa, ganyen kuwa ko lotsawa bai yi ba.

"Kin zo," in ji matar. A ƙarƙashin muryarta akwai wata ƙara, ziii, kamar ta fukafukai.

"Baiwar Allah, sannu da..."

"Riƙe gaisuwarki. Kwana uku 'yata ba ta ci ba. Taki ta ci?"

Yaya ta durƙusa a cikin taɓo. "Ni na ɗaure ta. Ni za ki kama."

"Ƙarya kike. Ƙullin hannun yaro ne, ni ba na bin yaro. Amma zaren naki ne, yawun da ke jikinsa ma naki ne. Kin ga ƙulli, kina da yatsu goma, kika yanke kika koma kan tsummokaranki."

"Hannuna da sabulu ne."

"Sabulun da kuke zuba mana a ɗaki kullum." Idanun matar manya, ba sa ƙiftawa. "Shiga ruwan. Kin ga inuwar giginyar can? Idan ta taɓa ruwa ba ki kwance ba, kowa ta binne tata."

Yaya ta shiga har ƙugu. Ruwan sanyi kamar na randa, a tsakiyar rana. Wani abu ya riƙe mata idon sawu a ƙasa. Ta ce ta ƙirga yatsu, sun fi biyar.

Sai mazarai suka fara zuwa. Shuɗi, kore, baƙi. Suka sauka a hannuwanta, a wuyanta, a leɓenta, har kan fatar ido. Ƙananan ƙafafunsu suna tsikarin ta. Ta san idan ta motsa za su watse, jan ma ba zai zo ba. Ta tsaya kamar itace, tana karanta duk abin da ta iya a zuci.

Jan ne ya zo ƙarshe. Bai iya tashi ba, a kan ganye iska ta turo shi. Ta tara tafin hannu ya hau. Zaren ya jiƙe, ƙullin ya shige cikin jikinsa. Ta kai hannu ga allurar da ke soke a ɗankwalinta.

"Ƙarfe ba ya taɓa ta," in ji matar.

Farcen mai wankau kuwa kun san shi, ruwa ya gama cinye shi. Da shi ta dinga tsinka, a hankali, kada wutsiyar ta gutsure. Farcen manuniyarta ya tsage, jini ya zubo. Inuwar giginya saura taki ɗaya. Ta ce ba ta ƙara dubawa ba.

Ƙullin ya saki.

Mazarin ya girgiza fukafukai ya tashi, sauran suka bi shi gaba ɗaya. Abin da ke riƙe da ƙafarta ya sake ta. Matar ta miƙo dogon hannu ta ɗauke guntun zaren, da jinin Yaya a jikinsa, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Wannan zan ajiye. Ranar da jininki ya sake ɗaure nawa, ba sai kin zo ba. Ni zan zo."

Yaya ta fito da baya da baya, ba ta juya ba sai da ta kai gonar rake. A gida ta tarar da Hajjo zaune tana lasar kwanon koko. Hajjo yanzu 'ya'yanta biyar, amma layin na nan a ƙugunta, ya koma fari, ni na gan shi ranar wankan jegonta. Manuniyar Yaya kuwa ba ta sake lanƙwasawa ba har ta rasu. A gaban fitila ta nuna mana ita, a miƙe kamar tsinke.

To, ni da Yaya jini ɗaya ne.

Jiya na zauna a ƙasa na kwance mazarin Saude da yatsuna, ban yanke ba. Ya tashi lafiya, na gani da idona. Duk da haka sau huɗu na ɗaga rigarta kafin asuba. Babu komai, alhamdulillahi. Babanta ya ce tsoro ne kawai irin nawa.

Wataƙila. Amma unguwarmu ba tafki, ba rafi, ruwa ma sai na 'yan garuwa. Tun safe kuwa wani jan mazari ke zaune a kan igiyar shanya, ya fuskanci ƙofar ɗakina. Na kaɗa zane bai tashi ba.

Don Allah mata, ku duba hannun 'ya'yanku da damina. Idan kun ga ƙulli ku kwance, kada ku yanke. Kuma kada wadda ta je bakin ruwa ita kaɗai da rana tsaka. Ni dai yau Saude ba za ta fita ba.