Gauta Mai Ƙaya a Gonar Babandi

Ƙarfe tara na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Lafia, aka ce an kashe wani manomi a Kwandere. Insfekta Terseer ya ɗauki Kofur Martin suka hau mota.

Gawar na kwance rub da ciki tsakanin kunyoyin gauta. Sara uku ne, biyu a kafaɗa, ɗaya ya raba ƙeya. Jini ya bi kwarin kunya har ya daskare. Sawun shanu ya cika wurin, ga kuma sandar kiwo a yashe.

A bakin gona samari sun kewaye wani Bafulatani suna jibga. Kansa ya fashe, haƙorinsa ɗaya na ƙasa. Sai da Martin ya yi harbi sama suka ja baya.

Wani dogo mai riga mai dogon hannu ya matso. "Oga, ni ne Muhyiddin, maƙwabcin Babandi, mamacin. Wannan Hamman ne, sandarsa ce can. Ku tafi da shi, mu kuma kafin la'asar za mu ƙone rugarsu."

"Akwai mata da yara a ciki," in ji Terseer.

"Babandi ma yana da yara."

"Yaushe rabonka da gonar nan?"

"Wata guda ban taka ta ba."

A bayan mota Terseer ya miƙa wa Hamman ruwa. "Me ya kai ka gonar?"

"Ban je ba, ranka ya daɗe."

"Sandarka ce ta je da ƙafarta?"

Hamman ya fashe da kuka. Ya ce shanu ne suka kutsa, ya bi su ya koro, sai ya ga mutum cikin jini, ya yar da sanda ya gudu.

Terseer ya koma wurin gawa ya durƙusa. Kofaton shanu ya taka jinin bayan ya daskare, ya farfasa shi kamar ɓawon ƙwai. Ke nan shanun sun zo ne bayan an yi kisan. Amma wannan ba zai tsayar da masu shirin kai jarkar fetur ruga ba.

Ya miƙe, hannunsa ya goga wata shuka, ya ji zafi. Ƙaya ta yage masa bayan hannu. Shi da ya girma a gidan noma bai taɓa ganin gautan ci mai ƙaya ba.

Iyatu, matar mamacin, na zaune gindin mangwaro, idonta ya bushe.

"Mama, ki yi haƙuri. Wane irin gauta ne wannan?"

"Aikin shekara bakwai ne, ɗana. Cutar yaushi ta cinye gautan garin nan kaf. Shuka za ta yi yaushi da rana tsaka, kwana uku ta bushe. Malam mijina ya lura gautan kura na daji ba ya kamuwa. Sai yake ɗebo garin furensa da sassafe ya shafa wa furen farin gauta, ya ɗaura jan zare don ya gane. Wanda ya fito bai mutuwa, sai dai ya gado ƙayar ubansa. Kunya uku ne kawai."

"Me aka ɗauka a gonar?"

Ta tashi ta duba da kanta. Fararen gauta na nan jingim, babu wanda aka taɓa. Masu jan zare ne babu ko ɗaya.

"Su ne ya bari suka nuna suka yi jajir," ta ce. "Ba su ciwuwa, ko akuya ba ta so. Na iri ne."

"Wa ya san haka?"

"Ni, sai Muhyiddin. Farin gautan ma irin gidansu ne, shi ya kawo wa Malam."

Terseer ya dubi hannunsa mai jini. Duk wanda ya tsinke kunya uku cikin gaggawa, ba zai fita lafiya ba.

Suka tarar da Muhyiddin a ƙofar gidansa yana ba samari umarni. Terseer ya ja shi zaure.

"Zafin nan kana cikin dogon hannu? Naɗe mu gani."

"Oga, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

"Abeg naɗe, Malam."

Ya naɗe. Daga wuyan hannu har gwiwa yaga ne sababbi, wasu da ƙaya a ciki.

"Kara na ɗauko jiya," in ji shi.

"Kara a watan Agusta?"

Sai ga Martin daga bayan gida riƙe da bokiti. Jajayen gauta ne aka murje cikin ruwa don a fid da iri, zaruruwa ja na yawo a sama.

Muhyiddin ya zaro adda daga lungun zauren ya kai wa Terseer sara. Ta sami damtsensa, riga ta yage, jini ya tsarto bango. Kafin ya sake ɗagawa, Martin ya buga masa gindin bindiga a muƙamuƙi. Ya zube, suka danne shi, ankwa ta shiga.

Yana tofar da jini ya soma magana.

"Damina uku gonata na mutuwa ina kallo. Irin ubana ne ya haɗa, amma kullum na roƙa sai ya ce saura shekara ɗaya, bai gama gwadawa ba. Yau na same shi yana shafa furensa, na ce ko cokali ɗaya ya ba ni. Ya ce ba zai ba da abin da bai tabbatar ba. Ko juyowa bai yi ya dube ni ba. Sai na sare shi."

"Sara uku," in ji Terseer.

"Bayan na farko ban san abin da nake yi ba."

"Hamman fa? Za ka bari a ƙone 'ya'yansa?"

Muhyiddin ya sunkuyar da kai.

Terseer ya ɗaure damtsensa da hankici. Bai bi hanyar Lafia ba. Ya sa aka zaunar da Muhyiddin a buɗaɗɗen bayan mota, yagar hannuwansa a fili, bokitin a gabansa, suka nufi hanyar ruga.

Samarin sun riga sun isa, sun zuba wa bukkar farko fetur. Mata na ihu, suna jan yara zuwa daji. Terseer ya tsayar da mota a tsakiyarsu ya fito, jini na ɗiga daga yatsunsa.

"Faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Muhyiddin ya faɗa musu. Mai riƙe da ashana ya dubi hannunsa, ya sake ta ta faɗi ƙasa.

Terseer ya buɗe ƙofar mota ya taimaki Hamman ya sauko.

"Je ka tara iyalinka. Gobe ka zo ofis ka ba da shaida."

Hamman ya ratsa ta cikin samarin yana ɗingishi, suka dare suka ba shi hanya. Motar ta juya da Muhyiddin zuwa Lafia.