Milimita Arba'in da Bakwai

Kafin ƙarfe bakwai na safe Tsinkaya ta riga ta leƙa ƙirjin mutum dubu uku. Ƙofa ce ta ƙarfe a bakin tashar jirgin igiya ta Sabuwar Haɗeja, garin da aka ɗora kan ginshiƙai bayan ruwa ya cinye tsohon. Duk wanda ya ratsa ta sai ta auna masa uwar jijiya, wato babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta hau da shi sama, sannan ta kunna fitila. Kore, wuce. Rawaya, jijiyar ta ɗan buɗe, wuce amma ana kallonka. Ja, tsaya, sai an yi maka aiki.

Faɗin jijiyar kaɗai ba ya yanke hukunci. Tsinkaya tana haɗa shi da ƙwayoyin gadon mutum, ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance da kowanne ke ƙara ɗan haɗari, sannan ta duba dangi. Wanda jijiya ba ta taɓa fashe wa wani nasa ba, ana barinsa har milimita hamsin da biyar. Wanda ta kashe masa uwa ko uba, arba'in da biyar ya isa ja. Abu ɗaya doka ta hana ta: gano wa ya haifi wa daga jini. A shekarar farko ta yi hakan, aure dubu huɗu ya mutu. Tun daga nan abin da mutane suka faɗa mata game da zuri'arsu, shi take riƙewa.

Haladu ne mai kula da ƙofar. Aikinsa ya goge gilashinta, ya kuma lallashi waɗanda ta tsayar. Matarsa Barira ta shekara shida a rawaya. Wata Talata tana tankaɗen gari ta dafe ƙirji ta zauna, ba ta tashi ba. Tsinkaya ta aiko masa da ta'aziyya mai layi biyu, babu kuskuren rubutu ko ɗaya, ta kuma kira 'ya'yan marigayiyar mata biyu ta sake auna su. Kore suka samu.

Amma 'ya'yan Barira uku ne. Ɗan farinsu, wanda ake kira Baballe saboda sunan mahaifin Haladu gare shi, tun daga yaye aka ba wa wan Haladu riƙonsa, shi kuma ya rubuta shi a matsayin ɗansa. Ranar rajista Haladu da kansa ke zaune gaban allo lokacin da na'urar ta tambayi Barira 'ya'yanta nawa. Ta sunkuyar da kai ta ce biyu, domin mace mai kunya ba ta lissafa ɗan fari a gaban mutane. Haladu ya danna biyu. Har ya ji daɗin tarbiyyarta.

Baballe direban jirgin igiya ne. Kullum yana ratsa ƙofar, kullum rawaya, milimita arba'in da bakwai.

"Yau kwana arba'in da ɗaya da rasuwarta, kana ta goge gilashi," in ji Tasalla, abokiyar aikinsa, wadda ta san maganar. "Ya gogu, Malam Haladu. Fuskata nake gani a ciki, ba ta kuma burge ni ba."

"In na gyara rajistar Baballe, za a karɓe masa lasisi. Mai ja ba ya tuƙi."

"Gawa ma ba ta tuƙi."

"Sai na faɗi sunan da bakina. Muryar uba take so."

"To, bakin a gida ka baro shi?"

Shekara talatin da ɗaya Haladu bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" yake cewa, ko "na gidan Yaya".

Bakwai da kwata Baballe ya iso da kwanon abincinsa a hannu. Tafiyar uwarsa yake yi, kafaɗar hagu a ɗan karkace. Fitila ta yi rawaya. Ya ɗan rusuna.

"Baffa, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Tsaya nan."

"Jirgina bakwai da rabi ne, Baffa."

Haladu ya danna maɓallin gyaran zuri'a. Tsinkaya ta ce da muryar nan tata mai ladabi, "Faɗi sunan ɗan da sunan uwarsa."

A cikin layi wata mai tallan dambun kifi ta sauke farantinta don ta ji da kyau. Haladu ya kalli gilashin da ya goge, bai ji komai a ransa ba.

"Isiyaku," ya ce. "Ɗan Barira."

Fitilar ta koma ja. Sandar ƙofa ta sauko a gaban Baballe, katin tuƙin da ke rataye a wuyansa ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu.

"An karɓi gyara," in ji Tsinkaya. "Haɗarinka ya ƙaru. An sa ka a layin tiyata. Lambarka dubu tara da ɗari biyu da sha biyu. Za a kai kanka nan da wata goma sha tara. Kafin nan ka guji ɗaukar kaya mai nauyi da tashin hankali."

Garin ya kafa ƙofa ɗari shida masu ganin milimita ɗaya a cikin ƙirjin mutum. Likitocin da suka iya ɗinke jijiyar su bakwai ne.

Baballe ya daɗe yana kallon lambar. Ya sauya wa kwanon hannu, kamar yana gwada ko shi ma kaya ne mai nauyi.

"Baffa," ya ce a hankali, "ashe ka san sunan."

Jirgin bakwai da rabi ya tashi da wani direban. Haladu ya ɗaga wa na gaba hannu ya shigo.